Kundin aikin taswirar hanyoyin tafkunan Walthamstow, kakar bana

14 Satumba

Abin da muka sa gaba shi ne fitar da taswira mai shafi biyu, haɗe da bayanin hanya, domin mai son kewaya tafkunan Walthamstow da ƙafa daga Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba. Wurin yana arewa maso gabashin Landan, a kwarin kogin Lea. Tafkuna goma ne a fili mai hekta 211, kamfanin East London Waterworks ne ya gina su ɗaya bayan ɗaya daga tsakiyar ƙarni na 19 zuwa 1904, kuma har gobe suna aiki. Kamfanin ruwa na Thames Water ke da wurin, ruwan kuwa yana cikin abin da mutum miliyan 3.5 ke sha. Sai a Oktoban 2017 aka buɗe wa jama'a ƙofa kyauta, da haɗin gwiwar ƙungiyar kare namun daji ta London Wildlife Trust da ƙaramar hukumar Waltham Forest.

Titin Forest Road ya raba wurin gida biyu. Lockwood da High Maynard da Low Maynard suna arewa. Tafki na 1 zuwa na 5 da tafkunan Warwick biyu, na gabas da na yamma, suna kudu. Tashoshin Blackhorse Road da Tottenham Hale, duka a kan layin Victoria na jirgin ƙarƙashin ƙasa, su ne mafi kusa da babbar ƙofa.

Mun yanka hanyoyin gunduwa-gunduwa, daga mararraba zuwa mararraba, kowace da lambarta. Abu biyar ake rubutawa a kan kowace gunduwa: tsawo, faɗi, irin ƙasar da ake takawa, gangara, sai kuma ko akwai abin da ya tare iska. Kayan aiki: tayar awo mai kewayen mita ɗaya, tef na mita 30, waya biyu masu GPS, ma'aunin gangara, madubin hangen nesa mai ƙarfin 8x42, da littafi mai jure ruwa. Fensir ake rubutu da shi, biro ba ya kama jiƙaƙƙiyar takarda.

22 Satumba

Taya da waya sun ƙi yarda da juna, kuma kowannensu da irin tasa ƙaryar.

Waya ƙari take yi. Ko a sarari fetal, GPS ɗin waya yana kuskure da kusan mita 5, ƙarƙashin bishiyoyi kuwa ya fi haka. Idan an saita ta tana ɗaukar wuri kowace daƙiƙa, kuma mai tafiya ya tsaya kallon tsuntsu na minti biyar, ɗigon da ke kan taswira ba ya tsayawa: yana ta tsalle-tsalle nan da can, manhaja kuma tana lissafa kowane tsalle a matsayin tafiya. Shi ya sa mai tafiya a hankali yake ganin nisa fiye da mai gudu a hanya ɗaya. Maganinsa a saita ɗaukar wuri bisa nisa, kowace mita 5 ko 10, a kuma dakatar da manhajar duk lokacin da aka tsaya.

Taya kuma ragi take yi. A kan jiƙaƙƙiyar ciyawa tana zamewa ba ta juya ba. Idan laka ta manne mata, girmanta ya ƙaru ke nan: laka mai kaurin milimita 5 kacal tana ƙara wa kewayen taya kusan santimita 3, wato a kowace kilomita an yi asarar mita 30. Don haka kafin a fara aiki ana shimfiɗa tef ɗin mita 30 a kan irin ƙasar da za a auna, a tura taya a kai sau biyu a ga abin da ta karanta, a kankare ta da itace duk bayan ɗan lokaci. Hukuncin da muka yanke: tsawo daga taya, siffar hanya daga waya. Inda suka saɓa fiye da kashi 5 cikin 100, a sake awo.

1 Oktoba

Wani abu da taswirori ba sa faɗa shi ne ta wane gefe za a kewaya tafki, alhali a kaka shi ne rabin daɗin tafiyar. Landan tana kan digiri 51.5 arewa. A ƙarshen Satumba rana ba ta wuce digiri 38 daga ƙasa ko da tsakar rana, zuwa ƙarshen Nuwamba kuma za ta sauko wajen digiri 17. Rana mai ƙasa-ƙasa haka idan ta bugi ruwa, ido ba ya iya kallo, duk agwagwar da ke tsakaninka da ita baƙar inuwa ce kawai. Saboda haka a kan taswira za mu sa kibiya: da hantsi a bi jingar gabas a kalli yamma, da la'asar a bi jingar yamma a kalli gabas. Da tsakar rana kuwa, wanda ya taho daga kudu ya nufi arewa shi ne rana ke bayansa.

Wannan ya sauya mana tsari. Da farko mun zana zagaye ɗaya daga babbar ƙofa zuwa Coppermill, tsohon ginin da ke can kudu, a dawo. Yanzu zagayen nan zai fito iri biyu, na safe da na yamma, hanya ɗaya amma fuska daban.

9 Oktoba

Yau awon shiru aka yi. Manhajar auna ƙara ta waya ba daidaitacciya ba ce, don haka ba za mu buga lambobinta ba. Amfaninta dai kwatanta wuri da wuri a rana ɗaya da waya ɗaya. A kowace mararraba ana tsayawa minti biyu, waya a tsayin ƙirji, an juya wa iska baya, domin iska idan ta bugi makirfo sai lambar ta haura ba gaira ba dalili.

Nisa daga titi ba ya taimakawa yadda ake zato. Ƙarar abu guda, kamar inji, tana raguwa da desibel (ma'aunin ƙarfin ƙara) 6 duk lokacin da nisa ya ninka. Ƙarar titi mai jerin motoci kuwa da desibel 3 kawai take raguwa. Abin da ke kashe ƙara da gaske shi ne jinga. Tafkunan nan da yawansu ba haƙa su kaɗai aka yi ba, tara musu ganuwar ƙasa aka yi ruwan ya zauna sama da filin da ke kewaye. Wanda ya hau kan jinga zai ga gari, zai kuma ji gari: gurnanin Forest Road, jiniya, jiragen ƙasan da ke ratsa wurin. Ya sauko gindinta ta ɓangaren da ya ba titi baya, sai ƙarar ta yanke, ya koma jin kukan kajin ruwa. Ke nan wuri mafi kyan kallo da wuri mafi shiru ba ɗaya ba ne, kuma za mu ba su alama daban-daban. Mafi shiru zuwa yanzu su ne ƙananan hanyoyin da ke tsakanin tafki na 1 da na 2 da na 3, inda bishiyoyi suka yi rumfa.

Iskar da ta fi yawa a nan daga kudu maso yamma take busowa, kuma ƙara tana bin iska. Sai an maimaita awon a ranar da iska ta juyo daga gabas kafin a amince da shi.

18 Oktoba

Shafi na biyu na taswirar na tsuntsaye ne, kuma a nan ne aikin ya fi cin lokaci.

Wurin yana cikin yankin kwarin Lea da aka sa a jerin Ramsar a shekarar 2000, wato yarjejeniyar kare dausayi da aka ƙulla a Iran a 1971. Ɗaya daga ma'aunan shiga jerin shi ne wuri ya riƙa ɗaukar kashi 1 cikin 100 na wani jinsin tsuntsun ruwa a yankinsa. Agwagi iri biyu ne a kan gaba wajen samar wa kwarin wannan matsayi, kuma yanzu ne lokacinsu. Ta farko ita ce mai baki kamar cokali. Bakin ya fi kanta tsawo, faffaɗa ne a ƙarshe, da shi take tace ƙananan halittu daga saman ruwa. Sau da yawa za ka ga biyu ko fiye sun sunkuyar da kai suna juyawa a wuri guda, suna tayar da abinci daga ƙasa. Namijin kansa kore ne, ƙirji fari, kwiɓi jajaja, amma a farkon kaka wasu ba su gama sauya gashi ba, sun yi dabbare-dabbare, don haka baki za a duba ba launi ba. Ta biyu ita ce mai ruwan toka, wadda ido kan wuce ta ba a lura ba. Alamarta farin tabo mai kusurwa huɗu a bayan fiffike, namijin kuma baƙin gindi gare shi. Takan raɓi kajin ruwa ta ƙwace ciyawar da suka nutso suka ɗebo.

Baƙar agwagwa mai tukku ita ce ta fi yawa. A ƙarshen bazara sukan taru nan su zubar da gashin fiffike, su yi makonni ba sa iya tashi. Zalɓe yana nan duk shekara, yana sheƙa a tsibiran ƙananan tafkuna. Tsibiran tafki na 5 kuwa na komorant ne, baƙin tsuntsun nan mai nutso da ke tsayawa ya baza fukafukai yana shanya su. Kashinsu ya ƙone bishiyoyin, sun yi fari fat, daga nesa ake gane su, shi ya sa muka mai da su alamar gane hanya. A ɗaga kai a duba turakun wutar lantarki, shaho kan zauna can. Tsirya ma ta cika wurin da kururuwa, duk da ba 'yar asalin ƙasar ba ce. Tsattsewa dai ta tafi tun Agusta, gidajen da aka yi mata a hasumiyar Engine House, ginin da ke kusa da babbar ƙofa, babu kowa sai bazara mai zuwa.

Yadda ake ƙirga: a tsaya wuri ɗaya, a bi garken da madubi daga hagu zuwa dama. In sun yi yawa, a ƙirga goma a ga girman gungunsu, sai a riƙa aza wannan gungu a kan sauran. Mutum biyu su ƙirga kowa shi kaɗai, kada wani ya faɗi nasa sai an gama, in bambanci ya wuce kashi 10 cikin 100 a sake. Masu nutso su ne matsala, domin a kowane lokaci wasunsu suna ƙarƙashin ruwa. Ana ƙirga su sau uku a ɗauki lamba mafi girma. Sannan a fara da tafkin da ya fi samun masu wucewa, don idan aka tayar da garke ya koma tafkin gaba, sau biyu za a lissafa shi. Wannan duka don mu san inda za mu sa alamar tsayawa ne. Ƙidayar da ake dogaro da ita ita ce ta wata-wata da BTO, ƙungiyar binciken tsuntsaye, ke jagoranta a faɗin Birtaniya, mu ba ma gasa da ita.

24 Oktoba

Ganyen bishiyoyin wilo da na fofula sun koma rawaya sun fara zuba. Busasshen ganye ba ya cutar da kowa. Wanda ya jiƙe aka tattake shi a kan kwalta shi ne mai santsi, ga shi yana ɓoye bakin hanya da ramuka, yana toshe magudana. Ƙari a kan haka kashin dinya, wanda ya fi yawa inda ciyawa gajera ce kusa da ruwa.

Bayanin ƙasa da muka rubuta a Satumba ya tsufa ke nan. An ƙara layi na shida ga kowace gunduwa: yadda take kwana ɗaya bayan ruwan sama. Babbar hanyar da ta ratsa daga arewa zuwa kudu mai tauri ce, ba ta sauyawa, sai dai ita masu keke ke bi. Hanyoyin ciyawa ne ke zama caɓi, musamman gindin jinga inda ruwa ke kwanciya.

2 Nuwamba

An mayar da agogo baya da awa ɗaya ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Ranar da ke faɗuwa wajen ƙarfe shida saura kwata ta koma faɗuwa biyar saura kwata, kuma zuwa ƙarshen wata za ta riƙa faɗuwa kafin ƙarfe huɗu. Wurin yana da ƙofofin da ake kullewa, lokacin kullewa yana matsowa a watannin sanyi, hanyoyin kuma babu fitilu. A saman taswira za mu rubuta da manyan baƙaƙe: karanta allon ƙofa lokacin shiga.

Saboda haka muka daina ba da nisa shi kaɗai. Kowane zagaye zai zo da lokaci biyu: kilomita 4 a awa ga mai tafiya ba tsayawa, kilomita 2 a awa ga mai madubi ko mai yara. Za kuma a nuna wurin juyowa, wato inda mutum zai duba agogo ya san ko zai ƙarasa zagayen ko ya koma ta inda ya fito. Tafki ba a yanke masa hanya. Wanda ya kai rabin Lockwood, gaba da baya duk tsawo ɗaya ne.

10 Nuwamba

Sashen gargaɗi. Mun yi ta ja-in-ja kan tsawonsa, ra'ayin da ya yi rinjaye shi ne gargaɗin da ba a faɗi dalilinsa ba babu mai bin sa, don haka kowanne zai zo da dalilinsa a jimla ɗaya ko biyu.

Bakin manyan tafkunan gangaren siminti ne. Inda ruwa ke taɓawa gansakuka ta rufe shi, wanda ya zame ba zai sami abin kamawa ba. Ruwan da bai kai digiri 15 ba yana sa mutum jan numfashi ba da sonsa ba da zarar ya faɗa, ko da gwanin iyo ne, kuma a Nuwamba ruwan ya yi ƙasa da haka sosai. Akwai kuma bututan da ke jan ruwa daga tafki zuwa tafki a ƙarƙashi, ba a ganin alamarsu a sama. An hana iyo. An hana shiga da kare, in ba na jagoran mai lalura ba, saboda tsuntsaye da kuma tsabtar ruwan. Wanda ya taɓa ruwan bakin gaɓa ya wanke hannu kafin ya ci wani abu, saboda cutar da fitsarin ɓera ke yaɗawa.

Masu kamun kifi sun riga masu yawo zuwa wurin nan da shekaru masu yawa, suna da izininsu. Masu jifa da ƙugiyar gashi, waɗanda aka fi gani a tafki na 4 da na 5, sukan wurga zare baya kafin su wurga gaba, zaren kan kai mita 10 ko fiye a bayansu, daidai kan hanya. A dakata har ya gama jifa, ko a yi gyaran murya ya san da mutum.

Tun da wurin aiki ne, kowace rana ana iya rufe wata hanya don gyara, ana iya rage ruwan wani tafki, motar ma'aikata na iya biyo hanya. Wannan ba aibi ba ne, ai aikin ruwan ne ya hana a gine filin tun tuni. Abin da ya rage mana shi ne kowane zagaye ya kasance da madadinsa. Idan an rage ruwa, lakar da ta bayyana tana jawo ƙananan tsuntsayen gaɓa, amma ba a taka ta: samanta ya yi ɓawo, ƙasanta ruɓus.

19 Nuwamba

Lockwood, mafi girma a cikinsu. Jingarsa doguwa ce, babu bishiya babu inuwa, daga samanta ana hango dogayen benayen tsakiyar Landan a kudu da filin wasan Tottenham a arewa maso yamma. Iska ba ta da mai tare ta. Ranar da ma'auni ya nuna digiri 5 kuma iska ke gudun kilomita 30 a awa, jiki zai ji kamar digiri sifili ne. A bayanin wannan gunduwa mun sa riga mai tare iska da hula da safar hannu, mun kuma ba da shawarar a fara da fuskantar iska a dawo da ita a baya, lokacin da an gaji an yi gumi.

An auna gangaren hawa jingogi. Ma'aunin da muke bi: abin da bai wuce 1 cikin 20 ba, keken guragu zai bi shi kaɗai. Daga nan zuwa 1 cikin 12, gajeren wuri ne kawai kuma da mai turawa. Abin da ya wuce haka an sa masa jan launi. A auna wuri mafi tsauri, ba matsakaici ba, domin mita 3 masu tsauri sun isa su tsayar da keke ko da sauran hanyar shimfiɗe take. Haka karkatar hanya zuwa gefe: in ta wuce 1 cikin 50 keken yana ja ta ɓangaren ruwa.

Hazon safiya yana sauka bayan dare mai sanyi, marar gajimare, marar iska, lokacin da ruwa ya fi iskar da ke kansa ɗumi. Kyan gani gare shi, amma ƙirga ba ta yiwuwa, kuma a irin wannan safiya ƙarar jirgin ƙasa tana zuwa daga nesa fiye da kullum. Awon shirun 9 Oktoba bai shafe ta ba.

27 Nuwamba

Zanen farko ya kammala, an ba mutanen da ba su san wurin ba su gwada shi ba tare da an yi musu bayani ba. Inda suka tsaya suna jujjuya takarda, nan ne laifin taswira. Abu biyu suka fito. Lambobin tafkuna ba sa taimakon baƙo, domin ruwa duk ruwa ne a idonsa. Gine-gine yake nema. Don haka an ƙara girman zanen Engine House, ginin jan bulo na 1894 da ke kusa da babbar ƙofa, inda ake samun bayi da wurin hutawa, da kuma Coppermill a can kudu, tsohuwar ma'aikatar tagulla mai hasumiyar da aka ƙara mata a 1864. Na biyu, tsallaka Forest Road tsakanin kudu da arewa bai fito sosai ba, an yi zaton hanyar a haɗe take. An sa masa alama ta musamman.

Kibiyoyin safe da na yamma sun cunkushe shafin, za a gwada launi biyu maimakon kibiya biyu. Saura awon shiru da iskar gabas, wadda har yanzu ba ta samu ba, da sake tura taya a gunduwoyin High Maynard da aka auna cikin laka, da duba hanyoyin ciyawa bayan sanyin farko mai daskarar da ƙasa. Ba za a kai wa mai bugawa ba sai an gama waɗannan ukun.